An ce in bar wa namiji jagorancin bincikena don a samu tallafi

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar jami'a ce a nan Accra, haifaffiyar Nima, ina da digiri na uku a fannin nazarin ƙwayoyin cuta. Na daɗe ina bin ruwan da mutanen unguwanninmu ke sha, na rijiya da na tanka da wanda ake saye a jarka. Sau biyu na nemi tallafin bincike na cikin jami'armu, sau biyu ban samu ba. A karo na biyu na kai har gaban kwamiti, duk maza ne sai mace ɗaya. Lokacin ɗiyata tana wata biyar. Ina tsakiyar bayani wani dattijo ya katse ni ya ce, "Dakta, da goyo a bayanki, wa zai shiga lungunan nan ya ɗebo ruwan?" Aka yi dariya. Da sakamako ya fito, abokin aikina ne ya samu, wanda ya zo sashenmu a bayana, kuma na fi shi yawan maƙalu. Yanzu an buɗe wani tallafi mai kauri daga ƙasar waje. Shugaban sashenmu, wanda ya koyar da ni tun ina aji ɗaya, ya kira ni ofis ya ce a sa sunan abokin aikin nan a matsayin jagoran bincike, ni in zama mataimakiya, wai haka zai fi saurin shiga, kuma ai kuɗin sashenmu zai zo. Tunanin nawa ne, bayanan da kuɗin aljihuna na tara su. Maigidana ya ce in karɓa, da babu gara ba daɗi. Mahaifiyata ta ce kada in ja da manya. Wani lokaci ji nake kamar in zazzage komai a Facebook, wani lokaci kuma in ajiye aikin in kama kasuwanci. Har na fara tambayar kaina ko ni ce ban iya ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Dakta ƙanwata. Allah ya raya miki yarinyar, ya sa albarka a karatun da kika sha wahalarsa.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Wadda ba ta iya ba ba ta kaiwa gaban kwamiti. Takardarki ta tsallake tantancewar farko da ƙarfinta, kafin kowa ya ga goyonki. Kuma abin da zuciyarki ke raya miki ba waswasi ba ne, abu ne da masana suka auna suka rubuta. Wasu likitoci mata biyu a ƙasar Suwidin, Christine Wennerås da Agnes Wold, sun kai hukumar binciken lafiya ta ƙasarsu kotu har aka ba su makin da masu tantancewa suka ba masu neman tallafi. Mutum 114 ne suka nema, aka ba 20, a cikinsu mata huɗu kacal. Da suka bi lissafin sai suka gano cewa mace sai ta ninka namiji aiki kusan sau biyu da rabi kafin a ba ta makin ƙwarewa daidai da nasa. Sun kuma gano abin da mu nan ba baƙonmu ba ne: wanda yake da sanayya da wani ɗan kwamiti makinsa kan ɗaga. Mujallar Nature ce ta buga aikin a 1997.

Wani binciken da ya fi kusa da matsalarki an yi shi a Kanada, aka buga a mujallar Lancet a 2019. Holly Witteman da abokan aikinta sun duba takardun neman tallafi kusan 24,000 da aka shigar tsakanin 2011 da 2016. Hukumar can tana da tsari biyu. A ɗaya ana auna binciken da kansa, a ɗayan ana auna mai binciken. Inda aka auna aikin, tazarar nasara tsakanin maza da mata ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Inda aka auna mutumin, tazarar ta kai kashi 4. Matan nan dai su ne, iliminsu bai canza ba. Da zarar an ɗauke ido daga takarda an ɗora a kan mai ita, sai tsofaffin zato su shigo. Abin da ya faru da ke a ɗakin nan ke nan. Kin shiga da maganar ruwa, dattijon ya mayar da ita maganar goyo.

Sai dai zan cuce ki idan na ce miki na tabbata jinsinki ne kaɗai ya kayar da ke. Neman tallafi fage ne da masu faɗuwa suka fi masu nasara yawa nesa ba kusa ba, maza da mata. Yawan maƙalu ma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Mai yiwuwa kasafin abokin aikinki ya fi naki tsari, ko batunsa ya dace da abin da jami'a ta sa gaba a shekarar. Abu biyu na iya haɗuwa: an yi miki tambayar da ba ta dace ba, kuma takardarki tana da gurbin gyara. Ba za ki san rabon kowanne ba sai kin ga makinki. Saboda haka ki rubuta wa ofishin kula da bincike na jami'arku wasiƙa gajera, cikin ladabi, ba zargi a ciki, ki nemi makin da aka ba ki da sharhin masu tantancewa a karo biyun, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ki ce kina so ki inganta takardarki ta gaba, kuma gaskiya ne. Idan jami'arku ta gwamnati ce aka yi miki shiru, dokar 'yancin samun bayanai ta Ghana ta 2019 ta ba ki damar nema a hukumance, ta kuma ba su kwana 14 su amsa. Da ita za ki iya tambayar mata nawa suka nema, nawa suka samu, a shekarun da suka wuce. Alƙaluma irin waɗannan sun fi kowace ƙorafi nauyi a teburin majalisar jami'a.

Yanzu ga babbar maganar, wadda lokaci ke kore ta. Shawarata ita ce kada ki sauka daga jagorancin wannan bincike. Na san maigidanki zai ce ai aikin ne dai za a yi, kuma mutanen Nima da Mamobi za su amfana ko sunan wa ke sama. Amma ke kin san yadda gidan nan yake. Jagoran bincike shi ke sa hannu a kan kuɗi, shi ke ɗaukar ɗalibai, shi mai ba da tallafi zai gayyata taro, sunansa ne zai shiga rahoton jami'a. Ranar da kika nemi ƙarin girma za a tambaye ki tallafin da kika jagoranta. Ranar da kika nemi tallafi na gaba, fam ɗin zai sake yi miki wannan tambayar. Idan kika bari yau saboda ba ki da tarihin jagoranci, bayan shekara uku za a sake ce miki ki bari saboda har yanzu ba ki da shi, alhali abokin aikinki ya tara biyu, ɗaya daga ciki da guminki. Haka tazarar ke buɗewa tsakanin mutum biyu da suka fara tare, ba tare da kowa ya ji ya yi zalunci ba.

Ban ɗauki Farfesa, shugaban sashenku, maƙiyinki ba. Mutumin da ya riƙe ki tun kina aji ɗaya ba zai wayi gari yana son ganin bayanki ba. Ina kyautata zaton lissafin sashe yake yi: ɗakin gwaje-gwaje na bukatar kayan aiki, abokin aikinki ya taɓa cin tallafi, to a tura wanda aka ga ya taɓa ci. Ya ga inda ƙofar ta karkace, sai ya zaɓi ya bi karkatar maimakon ya gyara ta, kuma bai tsaya ya lissafa abin da ke za ki rasa ba. Kafin ki koma wurinsa, ki zauna ki karanta sanarwar tallafin daga farko har ƙarshe. Ki duba wane matsayi ake bukata ga jagora, shekara nawa bayan digiri na uku, ko an ce ana ƙarfafa mata su nema, ko an yarda da jagorori biyu. Masu ba da tallafi da yawa daga waje yanzu suna tambayar yadda aka raba jagoranci tsakanin maza da mata a tawaga, har wasu na ba da maki a kai. Zai iya yiwuwa dabarar Farfesa ta rage muku ƙarfi ne ma. Ki duba kuma ko suna rage lokacin haihuwa daga lissafin shekaru. Hukumar bincike ta Tarayyar Turai, misali, tana ƙara wa uwa wata 18 a kan kowane ɗa da ta haifa. Idan fam ɗin yana da gurbin bayyana hutun haihuwa, ki cike shi ba tare da jin nauyi ba.

Sannan ki same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki gode masa da ya ga aikin ya isa a nema masa kuɗin waje. Sai ki ce, "Farfesa, alfarma nake roƙo. Wannan aikin kai ka san inda na faro shi. Ina so in jagorance shi, kai ka tsaya mini a matsayin babban mai ba da shawara, abokin aikina kuma ya riƙe ɓangaren da ya fi ƙwarewa a kai." Kin ga ba ki ce masa a'a ba, kin kawo masa tsarin da ya magance damuwarsa. Idan tsoronsa shi ne mai ba da tallafi zai ga jagorar ba ta taɓa riƙe kuɗi mai yawa ba, sunansa da wasiƙar goyon bayan jami'a sun rufe wannan gibin. Dattijo irinsa ya fi saurin sauka idan aka ba shi matsayin uba a cikin tsarin.

Idan kuwa ƙa'idar tallafin ce da kanta ta hana ki, wato ana bukatar matsayin da ba ki kai ba, to nan magana ta canza, kuma ba laifi ki shiga a wani matsayi. Amma a rubuce, kafin ki miƙa ko shafi ɗaya na bayananki. A rubuta cewa ke abokiyar jagoranci ce, cewa ɓangare kaza na aikin da kasafinsa a hannunki yake, cewa bayanan da kika tara tun farko naki ne, da kuma yadda za a jera sunaye a maƙalun da za su fito. Ki aika ta imel, kowa ya amsa. Wanda ya ce ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba, ki ce masa rubutun don kare zumuncin ne. In aka ƙi rubutawa, kin samu amsarki, ki janye bayananki cikin mutunci.

Shi kuma abokin aikin naki, kada ki yanke masa hukunci tukuna. Wataƙila bai ma san yadda aka kawo miki maganar ba. Ki zauna da shi ki faɗa masa kai tsaye cewa tunanin naki ne kuma kina son jagorantarsa, kina kuma son ya kasance a ciki. Mutumin kirki zai ji kunyar hawa kan aikin wani. Amsar da ya ba ki za ta nuna miki irin wanda za ki yi shekaru kina aiki da shi.

Bari in koma kan tambayar dattijon nan, domin ta ƙona mini rai, kuma domin amsarta tana hannunki. Wa zai shiga lungunan? Ke mana. Wa ya fi ki iya shiga? Ruwan da ake sha a gidajen haya na Nima ba a bakin titi yake ba. Yana cikin jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da aka jera a bayan ƙofa, yana cikin duron da aka rufe da faranti a lungun ɗaki, kuma mata ne ke sayensa, su adana shi, su san wanda ake sha da wanda ake wanki da shi. Baƙon namiji da farar riga da kula a hannu zai yi sallama ya tsaya a ƙofar gida, a ɗebo masa a kofi mai tsabta a miƙo masa. Ke kuwa za ki shiga har ɗaka, ki gaisa da Hausa, a karɓi goyonki a yi masa wasa, ki ga moɗar da yara ke tsomawa da hannunsu, uwar gida ta gaya miki kwana nawa ruwan ya yi da kuma wanda cikinsa ya ɓaci a makon. Wannan shi ne bambancin samfurin gaskiya da na ganin ido. Ki rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardarki a matsayin ƙarfin tawagarki. Ki kuma sa tsarin aikin fili dalla-dalla: mataimaka nawa, kuɗin motarsu, yadda samfur zai isa ɗakin gwaji cikin sanyi a 'yan sa'o'i duk da cunkoson hanyar Accra. Duk jagoran bincike, namiji ko mace, da mataimaka yake aiki. Idan tsarin yana kan takarda, mai irin wannan tambayar ya rasa inda zai tsaya.

Akwai kuma abin lura game da yadda ake rubutun. Wasu masana sun duba takardun da aka aika wa gidauniyar Gates, inda ake ɓoye sunan mai nema, suka tarar duk da haka makin mata ya fi ƙasa. Da suka bincika sai suka ga maza sun fi amfani da kalmomi masu faɗi, mata kuma sun fi tsayawa kan ƙayyadaddun kalmomin fanninsu, masu tantancewa kuwa faɗin ke burge su, ko da yake bai nuna aikin zai fi kyau ba. Ba cewa nake ki cika baki ba. Amma ki buɗe takardarki da girman matsalar, yawan jama'ar da ke shan wannan ruwa da abin da hukumomin lafiya za su iya yi da sakamakonki, kafin ki shiga sunayen ƙwayoyin cuta. Ki ba mutum biyu su karanta miki, ɗaya daga wajen fanninki.

Game da kai ƙara, ki fara da rubuta abin da ya faru tun yanzu: ranar, kalmomin da ya faɗa, waɗanda ke zaune. Ki ajiye. Ki nemi matar nan da ke cikin kwamitin ki gaishe ta, ba don ta tona miki sirrin zama ba, don ki ji ko ita ma abin ya dame ta. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi, dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun aƙalla mako 12 a matsayin haƙƙi, kuma a 2024 majalisa ta zartar da dokar daidaita damar maza da mata. Kina da ƙungiyar malamai, kina da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ idan abin ya kai can. Amma ni da zan zaɓa miki, zan ce ki fara da takarda zuwa ofishin bincike wadda ke neman gyaran tsari: a hana tambayar aure da haihuwa a zaman tantancewa, a riƙa ba kowa makinsa a rubuce, a ƙara mata a kwamiti. Idan kika samu malamai mata uku ko huɗu suka sa hannu tare da ke, ba wanda zai ce fushin faɗuwa ne. Facebook kuwa ki bar shi. Za ki samu masu tausaya miki na kwana biyu, sannan a bar ki da takardar tuhuma ko ƙarar ɓata suna, maganar kuma ta tashi daga abin da aka yi miki ta koma kan abin da kika rubuta.

Kada kuma ki tsaya jiran ƙofa ɗaya. Ƙungiyar mata masu kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, OWSD, mai hedikwata a Trieste ta Italiya, tana ba mata masu digiri na uku da ke farkon aikinsu tallafin da ya kai dala 50,000 don su kafa bincikensu a ƙasashensu. Shirin L'Oréal da UNESCO na matasan mata masu kimiyya a Afirka kudu da Sahara yana ba da yuro 10,000 ga masu karatun digiri na uku, 15,000 ga waɗanda suka gama. Waɗannan ba su kai na wajen da kuke hange ba, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: a nan sunanki ne a sama, kuma shi ne tarihin jagorancin da ake ce ba ki da shi. Ki kuma gaggauta fitar da maƙala daga bayanan da ke hannunki, ko da ƙarama ce, domin abin da aka buga da sunanki ba mai iya cewa nasa ne. Ki nemi wata babbar malama ta riƙe ki, ko ba a jami'arku take ba. Ƙasar nan ba ta rasa su ba. Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci jami'ar Cape Coast daga 2008 zuwa 2012, Farfesa Rita Akosua Dickson ta karɓi ta kimiyya da fasaha ta Kumasi a 2020, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo ta karɓi ta Legon a 2021. A ƙarƙashinsu akwai mata da yawa da suka zauna a kwamitocin tallafi, sun san abin da ake faɗa bayan mai nema ya fita.

Maigidanki ba ya son ganinki cikin damuwa ne, shi ya sa ya nuna miki hanya mafi sauƙi. Ki zaunar da shi ki yi masa lissafin da na yi miki na shekara uku masu zuwa, domin wanda ba ya cikin jami'a ba lalle ya san bambancin jagora da mataimaki ba. Sannan ki roƙe shi abu takamaimai: ya riƙe yara da yamma a makonnin da za ki rubuta takardar, ko a samo wata 'yar'uwa ta zo ta zauna. Mahaifiyarki kuma tsoronta kada a yi miki illa a wurin aiki, kuma tsoron uwa ba abin wasa ba ne. Ki tabbatar mata ba faɗa za ki yi da malaminki ba, alfarma za ki roƙa, ki ce ta sa ki a addu'a. Maganar ajiye aiki kuwa, kada ki yanke ta da zafin rai da rashin barcin mai shayarwa. Ki ba kanki shekara guda kina bin waɗannan hanyoyin, sannan ki sake dubawa da sanyin zuciya.

A wannan makon ki karanta sanarwar tallafin, ki aika wasiƙar neman makinki, ki nemi ganin Farfesa kafin a fara cike fam da sunan wani, domin da zarar an shigar da suna a na'ura cire shi ya fi wuya. Ki rubuto mini abin da ya ce, mu san mataki na gaba tare. Allah ya dafa miki, ya ba ki nasara.